Yadda na gyara wutar motar kwana da kayan aiki kaɗan

Motata Toyota Hiace ce da aka mayar da bayanta ɗakin kwana, kuma tana da batir biyu, ɗaya na inji, ɗaya na fitilun ciki da famfon ruwa. Mun taso daga Zariya za mu Funtuwa, muna wuce Samaru sai fitilun suka mutu, famfon ma ya ƙi tashi, alhali injin yana aiki lafiya lau.

Na fara da mitar gwajin wuta. A kan batirin ɗaki ta nuna ƙarfin wuta bolt 12.6, wato a cike yake, amma a akwatin fis ba ta nuna komai ba, don haka na gane cewa a tsakaninsu wutar ta yanke. Da na duba sai na tarar notin kan batir ya yi sako-sako saboda jijjigar hanya, kuma wani farin gari ya taru a wurin. Na fara cire wayar da ke haɗe da jikin mota, domin kada sifana ta haɗa wuta, sannan na goge kan da sanfefa, na ɗaure da sifana mai lamba 10, na shafa giris kaɗan, na mayar da wayar da na cire, sai wuta ta dawo.

A ganina mitar nan ta fi kowane kayan aiki muhimmanci a irin wannan mota, domin ita ke hana mutum kwance abin da bai lalace ba. Bayan ita ina ajiye sifanu daga lamba 8 zuwa 19, da filaya, da sukuddireba, da fis iri-iri, da salatef, da tocila, da jak mai iya ɗaga motar da kayanta. Aikin cikin inji kuwa na bakanike ne, shi ya sa ba na ɗaukar kayansa.