Yadda nake karatun tarihin duniya daga shagona na Agege

Shekara biyu ke nan ina karatu daga nesa a jami'ar NOUN, wato Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, ina kuma sayar da atamfa a Agege. Duk cikin darussan da nake ɗauka, na tarihin duniya ya fi shiga raina. In kana da niyyar bin wannan hanya, fara da sauke littattafan kwas ɗinka a waya tun farkon zango, kyauta suke a shafin jami'ar. Babin da ya yi maka tsauri, kai shi a buga maka a takarda, saboda ranar da babu wuta.

Abin da ya fi yi min amfani shi ne littafin rubutu guda ɗaya. Ka raba kowane shafi gida biyu da rula: hagu na duniya, dama na ƙasarmu. Da can haddar shekaru nake yi, kafin sati ya zagayo sun zube. Ranar da na rubuta 1804 a hagu, shekarar da Haiti ta samu 'yanci kuma Napoleon ya naɗa kansa sarkin Faransa, sai na tuna a shekarar ce Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu. Na rubuta a dama, kuma wallahi har yau ba ta kuɓuce min ba. Haka 1861: yaƙin basasa ya ɓarke a Amurka, a nan kuma Sarki Dosunmu ya sa hannu Legas ta koma hannun Ingila. Ita 1914 ba sai an faɗa ba, Yaƙin Duniya na Ɗaya da haɗe Kudu da Arewa.

Sannan kada ka tsaya a takarda, in a Legas kake. Wata Lahadi ka shiga mota zuwa cikin Eko, ka tsaya gaban masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, ka ƙare wa fuskar ginin kallo. Salon Barazil ne, wanda bayin da suka dawo gida suka zo da shi. Daga nan ka koma ka karanta boren da Musulmi bayi suka yi a Bahiya ta ƙasar Barazil a 1835, Yarabawa ne akasarinsu, da Hausawa a ciki.

Lokacin karatu kuwa, ni bayan sallar asuba nake zama, minti 40 kafin in buɗe shago. Aikin gwaji na intanet, wato TMA, ka gama shi da wuri, don ranar ƙarshe kowa ke rububin shiga shafin.