Yadda Za Ka Koyar da Batun Bambancin Lada da Hukunci a Ajin Nazarin Littafi Mai Tsarki

Duk wanda ya taɓa jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki a ikilisiyoyinmu na jihar Gombe, ko a cikin gari ko a Kaltungo da Billiri, ya san cewa wata rana sai an tambaye shi ko dattijon da ya shekara hamsin yana bauta wa Ubangiji da mutumin da ya tuba a gadon mutuwarsa ladansu ɗaya ne. Amsar tana nan a rubuce, amma sai malami ya san abin da zai sa a gaba, in ba haka ba mutane su koma gida suna tsammanin da aiki ake sayen mulkin sama.

Ka fara da ceto, ka ajiye maganar lada tukuna. Ka sa wani ya karanta Afisawa 2:8-9, inda Manzo Bulus ya nuna cewa ta wurin alheri ake samun ceto, sa'an nan a buɗe Matiyu 20:1-16, misalin 'yan ƙodagon gonar inabi, waɗanda na asuba da na ƙarfe biyar na yamma duk dinari guda aka biya su. Agustin, bishof na Hifo a Arewacin Afirka a zamanin dā, ya fassara dinarin nan da rai madawwami wanda dukan cetattu za su samu daidai, kuma a ganina ya yi gaskiya.

Bayan wannan ya zauna a zukata, sai ka shiga 1 Korintiyawa 3:11-15, kada kuma ka yi gaggawa a nan. Harsashi ɗaya ne, wato Almasihu, amma wani yana gini a kansa da zinariya da azurfa da duwatsu masu daraja, wani kuwa da itace da ciyawa da kara, wuta ce za ta gwada aikin kowa. Manomin da ya taɓa ganin abin da gobarar hunturu ke yi wa zana da rumfar kara ba ya bukatar dogon bayani. Ka ja hankalinsu ga aya ta 15: wanda aikinsa ya ƙone ya yi hasara, amma shi kansa ya tsira. Daga nan ka haɗa da Luka 19:11-27, inda aka naɗa bawa ɗaya bisa garuruwa goma, ɗaya bisa biyar, da kuma Matiyu 25:14-30, inda mai talanti biyar da mai biyu suka sami yabo iri ɗaya. Ma'aunin ke nan, aminci gwargwadon abin da aka danƙa wa mutum. Ina roƙonka ka faɗi wannan a fili, domin a ajinka akwai uwar da take share majami'a kowace Asabar, wadda take ganin mai kawo babban baiko ya riga ya wuce ta, alhali gwauruwa mai anini biyu ce Yesu ya yaba a Markus 12:41-44.

Hukunci ma ba ɗaya ba ne. A Luka 12:47-48 bawan da ya san nufin maigidansa ya ƙi yi zai sha dūka da yawa, wanda bai sani ba kuwa kaɗan. A Matiyu 11:20-24 Yesu ya ce Taya da Sidon da Saduma za su fi samun sauƙi a ranar shari'a bisa ga Korasinu da Betsaida da Kafarnahum, garuruwan da suka ga al'ajibansa. Mu da muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, gargaɗin nan mu ya fi shafa, malamai kuma Yakubu 3:1 ta ce shari'armu ta fi tsanani.

Idan wani ya ce babu bambanci ko kaɗan, ka gaya masa cewa muhawarar tsohuwa ce, domin wani malamin Kirista mai suna Jobiniyan ya koyar da haka a Roma, Jerom kuwa, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya rubuta masa raddi a shekara ta 393. Idan kuma aka tambaye ka yawan matakan sama ko na gidan wuta, kada ka ƙirƙiro lamba, Sabon Alkawari bai ƙidaya su ba. Ka raba darasin mako biyu, lada a na farko, hukunci a na biyu, ka kuma ba kowa ayoyin a takarda tun ranar Lahadi domin ya karanta a gida kafin a taru.