Levenshulme ko Sale: ina mai yara 'yan makaranta zai kama gida a Manchester?

A Ingila adireshin gida ne ke zaɓa wa yaro makaranta. Duk uwa da uban da suka sauka Manchester da yara su riƙe wannan kafin su sa hannu a takardar haya. A Kano, in kana da kuɗin makaranta da abin hawa, ko a Hotoro kake zaune kana iya kai ɗanka makaranta a Kabuga. A nan kuwa makarantun gwamnati kyauta ne, kuma yaran da suka shigo ƙarƙashin bizar iyayensu ta aiki ko ta karatu suna da haƙƙin shiga. Amma idan masu nema suka fi kujeru yawa, sai a bi ƙa'ida: a fara da yaran da ke hannun hukuma, galibi sai waɗanda ke da wa ko ya a makarantar, daga nan sai a auna kusancin gida.

Na ɗauki Levenshulme da Sale ne domin kowace tana da abin da ke jan mai iyali. Levenshulme tana kan titin Stockport Road, ƙarƙashin kansil (wato ƙaramar hukuma) ɗin Manchester. Bas mai lamba 192 na bi ta cikinta, jirgin ƙasa kuma na kai mutum tashar Piccadilly cikin 'yan mintuna. Ga mahautan halal, ga masallatai, ga kasuwar Longsight a maƙwabta. Sale tana ƙarƙashin kansil ɗin Trafford, a kan layin jirgin Metrolink mai zuwa Altrincham. Unguwa ce shiru-shiru mai filayen wasa, hayarta ta fi tsada, kuma makarantu ne suka fito da sunanta.

Abin da ake nufi da makarantun Trafford, yawanci, shi ne makarantun girama, wato sakandaren gwamnati da ke ɗaukar ɗalibai ta hanyar jarrabawa. Guda 7 ne, ciki har da Sale Grammar da Stretford Grammar da biyu na Altrincham, ta maza da ta mata. Loreto da St Ambrose na cocin Katolika ne, kuma 'ya'yan ɗariƙar suke fara dubawa. Ana zana jarrabawar a watan Satumba, farkon aji 6 na firamare, rajista kuma tana rufewa tun yaron na aji 5. Iyaye da dama kan ɗauki malamin lesin shekara guda ko fiye saboda ita. To wanda ya zo da ɗan shekara 8 ko 9, kuma aljihunsa zai ɗauki hayar Sale ba tare da ya kwana yana lissafi ba, yana da hujjar kallon can. Wanda ya zo da 'yar shekara 13 fa? An riga an raba waɗannan kujerun, sai dai in wani ya fita, kuma ko a nan sai an gwada ta. Zama a Sale ba ya ba kowa kujerar girama. Sai an ci jarrabawa.

Akwai kuma abin da masu ba da shawara ke yawan mantawa: mu ba ma isowa a kan lokacin da aka tsara. Neman sakandare yana rufewa ranar 31 ga Oktoba, na firamare ranar 15 ga Janairu, sakamako kuma ya fito a farkon Maris da tsakiyar Afrilu. Wanda biza ta fito masa a Nuwamba ko Fabrairu, fam ɗin shiga a tsakiyar shekara zai cike, kuma a lokacin makarantun da ake rububi sun cika maƙil. A azuzuwan ƙanana, wato Reception (ajin da yaro ke farawa da shi kafin aji 1) da aji 1 da aji 2, doka ta hana aji ya wuce yara 30 ga malami ɗaya. Sai ka ga iyali sun ɗaure sun biya haya mai tsada don makarantar da ke bayan gidansu, amma an tura babba gabas, ƙarami yamma, uwa tana tsere tsakanin ƙofa biyu da ake buɗewa lokaci guda. Wannan yana ba ni tausayi ƙwarai, domin da an yi waya biyu ko uku tun farko, da ba a shiga ciki ba.

Saboda haka, tun ba ku biya ko kwabo ba, ku kira ofishin ɗaukar ɗalibai na kansil ɗin da gidan yake, ku kira makarantun kansu. Ku faɗi ranar haihuwar kowane yaro, domin da shekaru ake sa yaro aji, ana yankewa a 31 ga Agusta, ba a duba ajin da ya baro a gida. Ku tambayi inda ke da gurbi a wannan ajin yanzu. Ku nemi sanin nisan gidan yaro na ƙarshe da makarantar ta ɗauka bara, ku gwada da gidan da kuke so. Idan an sa ku layin jira, ku sani ba wanda ya riga zuwa ne ke gaba ba, wanda ya fi cika ƙa'ida ne. Wani na iya tarewa kusa da makarantar gobe ya sha gabanku. Kuna da damar ɗaukaka ƙara in an hana ku. Kada kuma wani ya ruɗe ku da aron adireshin aboki: ana bincike, ana kuma ƙwace kujera.

Rahoton Ofsted, hukumar da ke duba ingancin makarantu, yana da amfani, amma tun Satumbar 2024 ta daina yanke wa makaranta hukunci da kalma ɗaya, don haka ku karanta cikinsa. Abin da ya fi shi ne ku je da ƙafarku lokacin tashi, ku ga yadda yara ke fitowa, ku tambayi yadda ake karɓar baƙon yaro, da abincin halal, da wurin salla. Masu son raba maza da mata su sani akwai Levenshulme High School ta 'yan mata zalla, da Burnage Academy ta maza kusa da nan.

Sai maganar da nake ganin ita ce ke yanke hukunci ga yawancinmu: wa zai ɗauko yara? Ana tashi wajen ƙarfe uku da 'yan mintuna, kuma ba a sakin ƙaramin yaro sai ga babban da makaranta ta sani. Mai aikin asibiti ko gidan kula da tsofaffi yana iya yin awa 12 a tsaye. Ajin renon bayan tashi kuɗi ne. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, ga sanyi ga yayyafi, ga islamiyya da yamma. A Levenshulme ana iya zuwa masallaci da islamiyya a ƙafa, kuma ba wuya a samu maƙwabciyar da za ku riƙa karɓa-karɓa wajen ɗauko yara. Daga Sale sau da yawa sai an nufi Old Trafford ko Hale, abin da ke da nauyi ga wanda bai yi mota ba tukuna. Yaron da ya baro kakanni da 'yan'uwa yana bukatar ya ga masu yin salla da azumi irin nasa, uwarsa ma tana bukatar wadda za ta gaisa da ita. Ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba.

Levenshulme ma tana da nata. Akwai hayaniyar babban titi, wurin ajiye mota ƙunci, kuma tsofaffin gidajen jan bulo da yawa suna tsatsafar danshi. Ku leƙa bayan labule da kusurwar ɗakin kwana. Baƙin tabon danshi yana tayar wa yara tari da asma. Ku duba takardar da ke nuna yadda gidan ke riƙe ɗumi, domin kuɗin gas na hunturu yana iya cinye rangwamen da kuka samu a haya.

Ku haɗa lissafin da harajin kansil, wanda ake sa kowane gida a mataki daga A zuwa H. Kuɗin ajiya a wurin mai gida doka ta tsayar da shi a hayar mako 5 ga gidaje irin namu. Yawancin bizoji sun hana karɓar tallafin gwamnati, don haka babu mai cika muku haya in ta gagara. Abincin rana kyauta ne ga kowane yaro daga Reception zuwa aji 2, kuma tun 2022 iyalai masu irin wannan biza da ƙaramin albashi suna iya nema wa manyan.

Da za a tambaye ni, iyalin da ya zo da ƙananan yara da albashi ɗaya ya fara da Levenshulme, ko wata unguwa irinta, a gidan da ke kusa da makarantar da ta tabbatar tana da gurbi. Idan ƙafa ta tsaya, yaro kuma ya nuna alamar zai iya jarrabawar girama, sai a yi shirin komawa Trafford yana aji 4 ko farkon aji 5. Kowace makaranta tana da ranar da take so a ce kun riga kun tare a adireshin, da takardun da take karɓa a matsayin shaida. Ku nemi wannan a rubuce daga gare ta kafin ku sanar da mai gida za ku tashi.