"Sai na ji ƙarfi": kurakuran da aka fi yi da aikin gida bayan bugun zuciya

Ranar Talatar da ta wuce na je dubiya wani ƙauye da ke gabas da mu, nan ƙasar Ɗambatta. Mutumin sa'ana ne, makonsa bakwai da dawowa daga asibiti a Kano bayan bugun zuciya. Na same shi kwance a zaure, dangar gidan ta karkace, turken awakinsa ya cika har dabbobin a kan tudu suke tsaye. Na ce, "Malam, ya jiki? Kana ɗan taɓa wani abu kuwa?" Ya ce, "Ai bari nake in ji ƙarfi, rana ɗaya in fito in share duka." Gabana ya faɗi, domin da bakina na taɓa faɗin haka, kuma na san inda maganar ta kai ni. Shi ne na uku da na ji ta a bakinsa tun bayan nawa ciwon. Na gaji da bin zaure-zaure ina maimaita abu ɗaya, shi ya sa na zauna in rubuta.

Ni ba likita ba ne, malamin firamare ne da ya yi ritaya, mai gona da 'yan dabbobi. Abin da zan faɗa shi ne abin da nake yi da kaina, kuma maganar likitanka ita ce gaba da tawa.

Babban kuskuren, wanda ya kusa kai ni kushewa, shi ne tara aiki. Sai ka san abin da ya faru a ƙirjinka kafin ka gane haɗarinsa. Jijiya ce cikin waɗanda ke kai wa naman zuciya jini take toshewa, galibi gudan jini ne ke tsayawa a inda kitse ya riga ya ƙuntata hanya. Naman da jini bai kai gare shi ba sai ya mutu, jiki kuma ya cike wurin da tabo, kuma haɗuwar tabon nan takan ɗauki mako 6 zuwa 8. A wannan tsakanin zuciya na son motsi kaɗan-kaɗan kullum. Abin da ba ta so shi ne yunƙuri, irin wanda mutum zai riƙe numfashi ya ɗaga kaya, domin a daidai lokacin jini yakan hau farat ɗaya. To mai jan ƙafa kuwa ya juya lissafin. Ya hana zuciyarsa ƙaramin aikin da take so, ya tara mata babban da ba ta so.

An sallame ni a ƙarshen hunturu. Kafin ciwo, kowace safiya nakan kwashe turke, shebur biyu ko uku, ba ya kai minti biyar. Da na dawo sai na ce gobe. Goben nan ta zama mako, mako ya zama wata biyu. Taki ya taru ya daskare, dabbobi sun tattake shi ya zama kamar daɓe. Bazara ta shigo, hadari ya fara leƙowa daga gabas, kullum ina jin amalanken maƙwabta suna wucewa da taki zuwa gona. Wata rana na ji wani yana cewa a bakin masallaci, "Bana gonar Malam sai dai haƙuri." Ba da mugun nufi ya faɗa ba, amma ta sosa ni. Washegari da walaha, rana ta riga ta ƙwalle, na ɗauki shebur da diga ban gaya wa kowa ba. Na fasa, na cika mangala, na ɗora wa jaki, na sake cikawa. A ta huɗu sai na ji kamar an ɗora mini turmi a ƙirji, gumi mai sanyi ya keto, zafi ya hau har muƙamuƙi. Uwargida ce ta fito zubar da ruwan wanke-wanke ta gan ni durƙushe, ta ƙwala ihu.

Kwana huɗu na yi a gadon asibiti. Likita ya ce Allah ya taƙaita, ba sabon bugu ba ne, gargaɗi ne zuciyar ta yi. Amma kuɗin mota, da gwaje-gwaje, da abincin masu jinya, sai da na sayar da tunkiya mai ciki a kasuwar Lahadi. Takin da nake ƙyashin in ba yaran unguwa ɗan abin goro su kwashe, shi ya ci tunkiya. Har yau idan na tuna fuskar uwargida a cikin motar nan, ba na jin daɗin kaina. Ita ce ta kwana huɗu a kan tabarma a barandar asibiti saboda girman kaina.

Don haka ku ji ni da kyau, ku masu cewa "rana ɗaya." Wannan ranar ba za ta zo ba. Ƙarfi ba ya zuwa ya same ka a kan tabarma. Duk kwanan da ka ƙara a kwance, ƙafafunka na ƙara saki, numfashinka na ƙara gajarta, har jini kan iya daskarewa a jijiyoyin ƙafa saboda rashin motsi. Ranar da za ka tashi kuwa, ba ƙarfi ne zai tashe ka ba, kunya ce ko haushi, kuma mai aiki da haushi ba ya jin gargaɗin jikinsa sai ya faɗi. Aikin da ya riga ya taru ya fita daga hannunka. Ka kira yara, ka biya, ko ka nemi gayya, ba abin kunya ba ne. Naka shi ne ka hana shi sake taruwa.

Yadda nake yi yanzu, aiki uku ƙanana a rana, kuma na ɗaure su da salla don kada in sami ƙofar cewa anjima. Da hantsi, bayan sanyi ya sake, shebur biyu a turke da zuba wa dabbobi dusa. Bayan La'asar, tafiya. Na fara da minti 5, daga ƙofar gida zuwa gindin darbejiya in dawo, ina ƙarawa a hankali, yanzu nakan yi minti 30 har bakin gona. Kafin Magariba kuma wani ɗan abu na zaune, ɗaurin kara biyu-uku a danga ko gyaran igiya. Ma'aunina gaisuwa ce. Idan wani ya wuce ya ce sannu da aiki, kuma na kasa bin sa da ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ba tare da haki ba, to na wuce gona da iri, sai in ajiye in zauna. Wasu na ganin uku ya yi kaɗan. Ni dai da shi turkena bai sake cika ba.

Kuskure na biyu ya fi na farko ɓoyuwa, domin mutane ba sa lissafa sayen magani a cikin ayyuka. Aiki ne, kuma shi ne wanda jinkirinsa ke kisa. An ɗora ni a kan ƙwayoyi da dama, ciki har da asfirin mai miligiram 75 da clopidogrel masu hana jini daskarewa, da atorvastatin na rage kitsen jini, da bisoprolol mai sassauta gudun zuciya. Wata rana na ga saura kaɗan, na ce sai Lahadi idan na shiga Ɗambatta. Lahadin aka yi rasuwa ban je ba. Ta gaba na je, na tarar babu bisoprolol ɗin a shagunan da na zagaya. Kwana tara ina zaune babu shi. Dare ya yi zuciyata ta riƙa dukan ƙirji kamar ana daka a cikinsa, barci ya gagara. Da na koma, likitan bai ɓoye fushinsa ba. Ya ce, "Baba, irin wannan maganin ba a yanke shi kwatsam, zuciya na zabura ne idan aka cire mata shi." Masu hana daskarewar jinin kuwa, musamman ga wanda aka sa wa ɗan ƙarfen buɗe jijiya, barinsu na kwanaki kaɗan na iya toshe hanyar gaba ɗaya.

Wai don Allah, mutumin da ba ya bari harawar dabbobinsa ta ƙare kafin ya nemo wata, me zai sa ya bar maganin ransa ya ƙare? Na ga masu cewa sun ji sauƙi, na ga masu raba ƙwaya biyu don ta daɗe. Duk wasa da rai ne. Ni kowace Juma'a idan na dawo daga masallaci sai in zazzage gwangwanin in ƙirga. Da zarar saura na kwana 10, a ranar nake aikawa, ba na jiran kasuwa. Babban yarona da ke Kano yana da hoton kwalayen a wayarsa, shi ke saya ya ba direban garinmu. Kuɗin magani kuma daban nake ajiye shi, ko biki ko suna ba ya taɓa shi.

Akwai abin da ban gane ba sai daga baya. Jan ƙafar nan ba duka ƙyuya ba ce. Tsoro ne. Nakan kalli shebur in ji kamar idan na sunkuya shi ke nan. Ga wani baƙin ciki da ke sauko wa mutum ba dalili, ya ji komai ya fita daga ransa, kuma likitoci sun san wannan yana yawan samun waɗanda suka yi bugun zuciya. Wasu magungunan ma na kawo kasala a farko. Idan mako biyu ya wuce kana jin haka, ka faɗa wa likita da bakinka, kada ka tsaya ga "Alhamdulillahi, da sauƙi." Ku kuma iyali, na san ƙauna ce, amma "Malam, ajiye, kada ka taɓa" a kan buta da tsintsiya cuta ce. Ku karɓe masa jarka, ku bar masa tsintsiya.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, ba taka ba ce a watannin farko, haka jan guga da tura baro, haka daka da wankin bargo ga mata. Kada ka fita aiki cikin sanyin asubar hunturu, ko tsakar rana, ko da ka tashi daga kan tuwo. Idan jiki ya yi tsami kada ka aika kemis a haɗo maka na ciwon jiki, yawanci akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, kuma ba sa shiri da zuciya mai tabo. Ranar komawa asibiti da aka rubuta a kati ba a ɗaga ta don shuka ko girbi. Maganar rage gishiri da dunƙule a miya kuwa, yau za ka yi ta da mai girki, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 ta ce a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan. Azumi ma ka tambayi likita tun watan Sha'aban.

Abu ɗaya ne ba a cewa ko da "bari a idar da salla" a kansa: nauyi ko matsi a ƙirji da bai lafa ba bayan ka zauna 'yan mintuna, ko ya bi hannu ko wuya ko muƙamuƙi, ko ya zo da gumi da sarƙewar numfashi. Wannan na mota ne, nan take. Ni na rubuta lambar direbobi biyu da gawayi a bangon zaure, manya-manya, yadda ko jikata 'yar aji uku za ta iya karantawa. Kafin in baro gidan mutumin nan ranar Talata sai da na sa ƙaninsa ya rubuta nasu, muka kuma yi magana da yara uku su zo su fasa turken da safe, shi yana zaune yana kallo. Na ce masa ranar Asabar zan dawo mu taka tare zuwa bakin rijiya.