Yadda za ka nemi aiki ta intanet ba tare da takardunka sun faɗa hannun ɓata-gari ba

'Yan'uwa masu neman aiki a Garwa da Marwa da Ngaundere, rajista a FNE, wato asusun samar da aikin yi na ƙasar Kamaru, abu ne mai kyau kuma ina ba kowa shawara ya yi, hukuma ce ta gwamnati da aka kafa tun 1990 don haɗa mai neman aiki da mai ɗauka, tana da ofis a duk garuruwan nan uku kuma ba a biyan ko dala wajen rajista. Abin da ke damuna shi ne yadda muke watsar da takardunmu a hanya tun kafin su isa inda aka nufa. Wanda ya daɗe zaune ba aikin yi, duk wanda ya ce masa turo dantite ɗinka sai ya tura ba ko tambaya, don yana tsoron kar damar ta wuce shi, su kuwa 'yan damfara sun san wannan sarai.

Toh abu na farko, ka taka da ƙafarka ka je ofishin ko sau ɗaya ne, ka tambayi ma'aikaci adireshin shafinsu na gaskiya ka rubuta a takarda. Daga nan kullum da hannunka za ka riƙa buga shi, ba ka danna wanda aka jefo a gurup ɗin WhatsApp ba, don sa tambarin hukuma da tutar Kamaru a shafin ƙarya aikin minti biyar ne. In konkur ne, wato jarrabawar shiga aikin gwamnati, adireshin shafin MINFOPRA, ma'aikatar da ke kula da ma'aikatan gwamnati, da gov.cm yake ƙarewa, ka duba ƙarshen nan da kyau. Eh konkur akwai kuɗin dosiye, amma sanarwar da minista ya sa wa hannu ita ke faɗin nawa ne da kuma inda ake biya, duk wanda ya ce ka tura jaka goma a lambarsa ta Orange Money ko MoMo don ya "riƙe maka wuri" ɓarawo ne kawai.

Sai imel. Ka buɗe wani daban na neman aiki kaɗai, kuma kai za ka zaɓi kalmar sirrin da kanka, kar ka bar yaron sibar, wato shagon intanet, ya zaɓa maka, yawancinsu sunanka da shekarar haihuwarka suke haɗawa su rubuta maka a guntun takarda kowa na gani.

A sibar ɗin nan fa nake so mu daɗe, don wallahi a nan aka fi yin ɓarna. Ka leƙa allon kwamfutar da ake sikanin a kai, za ka ga fayil bisa fayil, dantite ɗin wannan, takardar haihuwar wancan, dipulom, kaziye judisiye, hoton wata baiwar Allah da lambar wayarta a ƙasa, wasu tun bara suna nan, duk wanda ya biya kuɗin awa ɗaya ya zauna zai iya kwashe su a kile USB ya tafi. Mai sibar ba lallai mugu ba ne, sakaci ne kawai da yawan jama'a. Don haka in an gama maka sikanin ka tsaya a kansa, ka ce malam don Allah goge min nawa, ka ga ya goge, ya shiga kwandon sharar kwamfutar ma ya goge, sannan ka fita daga imel ɗinka da Facebook kafin ka tashi, in kwamfutar ta tambaya ko ta ajiye kalmar sirri ka ce a'a. Fotokopin da ya fito baƙi ko a karkace kuma kar ka bar shi a kwalin da ke gefen inji, naka ne, karɓi abinka ka yaga, irin takardun nan ne ake zuwa a ƙunshe gyaɗa da ƙosai a ciki.

A CV kuwa sunanka da lambar waya da imel da garin da kake da karatunka da ayyukan da ka taɓa yi sun wadatar. Lambar dantite da sunan mahaifiyarka da kwatancen ƙofar gidanku ba su da wurin zama a ciki, balle hoton sa hannunka. FNE kanta in ta nemi dantite lokacin rajista ka ba ta, aikinta ne ta san wa take rubutawa, amma kamfanin da bai ma kira ka intabiyu ba me zai yi da shi? Ka tuna da dantite ake rajistar layin waya a ƙasar nan, wanda ya samu kwafinka zai iya gwada buɗe layi da sunanka ya cuci mutane da shi, ranar da abu ya ɓaci kuma sunanka jandarma za su gani. In dole sai ka ba da fotokopi, rubuta a kansa da biro cewa na dosiyen aiki ne a wuri kaza da kwanan wata, da Faransanci, ta yadda rubutun zai ɗan hau gefen katin. Banda kwafin da aka buga wa hatimi da tambur na konkur, shi wannan kar ka taɓa shi.

Lambar sirrin kuɗinka na waya da lambobi shida da WhatsApp ke turowa ta SMS, ba wani mai ɗaukar aiki a duniya da ke buƙatarsu.

'Yan'uwa mata ku ƙara kula, in da hali ku ware layi ɗaya na neman aiki, kuma wanda ya ce a turo hoto na tsaye gaba ɗaya ko a zo intabiyu ɗakin otel da yamma, ku rufe zancen, in za ku je ganawa ku faɗa wa wani a gida inda za ku.

Doka ma tana bayanku. Tun 2010 akwai dokar laifukan intanet, ANTIC ce hukumar da ke sa ido a wannan fanni, a Disamba 2024 kuma aka fito da dokar kare bayanan mutum, wadda ta ba ka damar tambayar mai riƙe da bayananka me ya ajiye, ya gyara kuskure ko ya goge. Mutanenmu na Kusiri da ke tsallakawa Njamena neman aiki, can ONAPE ce ofishin neman aiki, Chadi ma tana da tata dokar kare bayanan mutum tun 2015.

In kuma ka riga ka tura, kar kunya ta sa ka yi shiru. Ka canza kalmar sirrin imel yau ɗin nan, ka je ofishin MTN ko Orange da dantite ɗinka ka ce a duba maka layuka nawa ke kan sunanka, wanda ba ka sani ba ka nemi a rufe shi. Hirar da kuka yi da mutumin kar ka goge, ka ɗauki hoton allon da lambarsa da shaidar kuɗin da ka tura in ka tura, ka kai kwamisariya ko wurin jandarma a rubuta maka ƙara, ka riƙe kwafinka a gida.