Yadda na gyara kulocin motata bayan iska ta shiga layinsa

Fedar kulocin motata ta yi laushi har tana nutsewa ƙasa ba tare da wani nauyi ba, giya kuma ta ƙi shiga sai da gurnani, musamman a cunkoson Ƙofar Ƙaura a Katsina. Faifan kulocin lafiyarsa lau. Matsalar iska ce da ta shiga layin man birkin da kulocin ke aiki da shi, domin iska tana matsuwa idan an danna ta, man birki kuwa ba ya matsuwa, saboda haka ƙarfin ƙafa ba ya isa ƙaramar silindar da ke jikin giyabos.

Na cika kofin man kulocin da sabon man birki DOT 4, wanda aka rubuta a murfinsa, sannan na sa siririn tiyo mai nuna abin da ke cikinsa a bakin notin fitar da iska, ɗaya bakin na tsoma shi cikin kwalba mai ɗan mai. Ƙanena ya riƙa taka feda yana dannewa, ni kuma ina kwance notin kaɗan, in ɗaure kafin in ce masa, “Saki, Ɗan'autan Hajiya.” Wannan ne wurin lura, don idan ya saki feda alhali notin yana buɗe, iska za ta koma. Da farko man ya fito baƙi ƙirin da kumfa, daga baya ya zo garau.

Ban bar kofin ya ƙafe ba, kuma na wanke abin da ya ɗiga nan take, tunda man yana cin fenti. Yanzu ina canza shi duk bayan shekara 2, saboda yana zuƙar danshi, ina kuma duba bayan feda ko robar babbar silinda, wadda feda ke turawa, tana yoyo.