Yadda Ake Shirya wa Jarrabawar MDCN Idan Mako Shida Ya Rage

Kusan duk wanda ya karanto likitanci a waje, ko Sudan ko Masar ko Indiya, ba zai yi aikin likita a Najeriya ba sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta MDCN. A wadda aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a Nuwamban 2023, mutum 836 suka zauna, 433 ba su kai labari ba. A ganina ba ƙarancin ilimi ke kayar da yawancinsu ba. Sun karanta cututtukan ƙasar da suka baro, ga shi ana tambayarsu na gida. Idan lokaci ya ƙure maka, ga yadda za ka yi.

Da farko, ajiye manyan littattafan nan. Mako shida ba ya isa a karance su, sai dai su karya maka gwiwa. Nemi tambayoyin baya wurin waɗanda suka riga ka, ka amsa ɗari a zama ɗaya ba tare da leƙa amsa ba. Inda ka fi faɗuwa, nan ne manhajarka.

Na biyu, raba makonnin. Huɗu na farko, kowane fanni mako guda: cututtukan manya, tiyata, yara, sai mata da haihuwa. Lafiyar al'umma kuwa ka ba ta rabin awa kullum, don mutane na raina ta kuma tana cinye musu maki. Mako na biyar bita, na shida gwajin kai da agogo.

Na uku, kuma nan ne ƙashin bayan shirin: cikin kowane fanni fara da abin da ke cika gadajen asibitocin Kano. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, sikila, tamowa, sanƙarau, ƙyanda, tarin fuka, amai da gudawa, zazzaɓin Lassa, da mashaƙo wanda ya addabi jihar nan a 2023. A ɓangaren mata, jijjigar masu ciki, zubar jini bayan haihuwa da doguwar naƙuda mai jawo yoyon fitsari. Kada ka tsaya a sanin sunan magani. Ka san cewa allurar atesunet, ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ana ba da miligiram 2.4 ga kowane kilo, a take, sai bayan awa 12, sai awa 24, kuma yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ne ga kowane kilo. Ka haddace jadawalin rigakafi: BCG ta tarin fuka da ɗigon shan inna da ta ciwon hanta ranar haihuwa, penta, mai kare cututtuka biyar, a mako 6 da 10 da 14, ƙyanda da shawara a wata 9. Wanda ya yi karatu inda ba a ganin waɗannan cututtuka, nan ya kamata ya zuba rabin ƙarfinsa.

Na huɗu, je ka ga majinyata. Nemi izini a hukumance ka riƙa bin likitoci zagaye a Asibitin Murtala ko na yara na Hasiya Bayero, ko da sau biyu ne a mako. Kallo da tambaya kawai, tunda ba ka da lasisi tukuna. Cutar da ka gani da idonka ba ta ɓace maka a ɗakin jarrabawa, kuma wannan zai taimake ka a tambayoyin hotuna.

Sai OSCE, wato jarrabawar duba majinyaci a aikace, inda ake zagaya tasha-tasha cikin 'yan mintoci. Ku haɗu ku uku: likita, majinyaci, da mai riƙe agogo. Wanke hannu, gaisuwa, gabatar da kai, neman izini, sannan dubawa kana faɗin abin da ka gani a fili da Turanci. Ku maimaita har baki ya saba.

Maganar lokaci kuwa, daga asuba zuwa hantsi ya fi komai albarka, kafin zafi da hayaniya. Ka sanar da gida cewa ɗaurin aure da suna sai bayan jarrabawa. Za su fahimta. Waya a kashe, sai da dare ka caja in an kawo wuta.

A makon ƙarshe kada ka buɗe sabon babi. Duba shafin MDCN ka tabbatar da rana da cibiya, domin wurin yana sauyawa. Haɗa takardunka, farar rigarka da abin sauraren ƙirji tun kwana biyu kafin ranar, kuma in tafiya ce zuwa wani gari, ka isa da kwana guda a hannu don ka samu barci.